Sunayen Kakanni a Filin Arfa

Asuba ta same mu a filin jirgin Kano, ni da abokan tafiyata, kowa da jakarsa da barcin da bai ƙarasa ba. Umara muka nufa. Tun muna sama nake jin kamar ba ni ba ce, gajimare a ƙarƙashinmu kamar audugar da aka shanya, har muka sauka Jidda zafi ya tarbe mu ya tabbatar mana har yanzu a duniya muke.

Ni ban sauka otal ba. Ina da wata gwaggo ta dangin nesa a unguwar Zahir, haifaffiyar Makka, wadda kakanta ya tako da ƙafa daga Katsina ya ratsa Sudan ya zo Hajji, bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, amma faɗanta na Katsina ne tsantsa. Ta ɗura mini shinkafar kabsa da gurasar tamis mai zafi, da yamma kuma ta aika a sayo tsire, wanda Larabawan unguwar ke layi a kansa kamar su suka ƙirƙiro shi. Farashi kuwa, tun ranar farko na daina juya riyal zuwa naira, don kada hawan jini ya hana ni ibada.

Bayan mun gama Umara, Gwaggo ta ce sai mun kai ziyara Arfa. Tana da al'ada, duk shekara takan je can ta tsaya ta jero sunayen iyayenta da kakanninta ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa musu gafara. Muka hau motar ziyara a tashar Kudai. Kusa da mu akwai wata dattijuwa baƙa, doguwa, mai fuskar da za ka rantse ka taɓa ganinta a gidan biki a Funtuwa. Gwaggo ta gaishe ta da Hausa, matar ta yi murmushi kawai. Gwaggo ta sake, ita ma ta sake murmushin.

"Ya binti, 'yata, dubi wannan," in ji Gwaggo. "An kwana biyu a Makka an manta Hausa. Ke 'yar gidan wa ce?"

Da na jarraba ta da Turanci sai ga shi Ba'amurkiya ce, malamar makaranta da ta yi ritaya. Gwaggo ko a jikinta. Ta ce in tambaye ta dai 'yar gidan wa ce, ai Amurka ma da gidaje.

Amsar tambayar nan ita ta kai mu har Arfa. Mota na tafiya sumul a kan titi mai faɗi, baƙaƙen duwatsu na wucewa kamar a mafarki, ita tana magana a hankali ina fassarawa. Ta ce ta san mahaifinta, ta san kakarta, ta san sunan uwar kakarta. Daga nan sai duhu. Sunan da danginta ke amsawa ma na mutumin da ya mallake su ne a zamanin bauta. Mahaifinta ya baro kudancin ƙasar ne saboda ya je rajistar zaɓe, aka kore shi daga gonar da yake nomawa. A birnin da ya koma an ware wa baƙar fata unguwarsu, banki kuma ba ya ba da rancen sayen gida a cikinta. Ta ce an soke waɗannan dokoki tuntuni, amma har gobe in ka tsallaka babban titin da ya raba garin, makarantu da asibitoci sukan canja kama, kuma kowane zaɓe sai an yi rigima kan inda za a ja iyakar mazaɓarsu. Jikanta da ya fara tuƙi, abin da ta fara koya masa shi ne inda zai ajiye hannuwansa idan ɗan sanda ya tsayar da shi.

Na faɗa mata abin da ya kawo Gwaggo. Matar ta ce ita ma burinta ke nan, ta yi wa nata addu'a a wurin nan, amma sunayen da take da su ba su taka kara sun karya ba. Tana tsoron ta tsaya ta rasa abin faɗa. Wallahi raina ya sosu.

Arfa in ba lokacin Hajji ba wata duniya ce daban. Fili fetal, itatuwan darbejiya a jere iska na kaɗa su, sai masu shara 'yan Nijar da wani mai raƙumin ɗaukar hoto yana gyangyaɗi. Muka tsaya a gindin dutsen Arfa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta fara, wance 'yar wane, wane ɗan wane, tana komawa baya har ta fita Makka, ta ƙetare teku, ta isa wani lungu a Katsina. Ba'amurkiyar ta faɗi nata, nan da nan suka ƙare, hannunta na sama bakinta a rufe.

Gwaggo ta kama hannun. Ta ce da ni, "Halas, ya isa, gaya mata ta bi bayana. Nawa sun ishe mu." Ta sake ɗaukowa daga farko, matar na maimaita sunayen da harshenta mai nauyi. Da suka kai ƙarshe, Gwaggo ta ƙara abin da ban zata ba: "Ya Rabbi, da waɗanda aka ɗauke mana, da waɗanda mu muka sayar. Kai ka san sunayensu."

Matar ta dube ni tana jiran fassara. Na fassara mata duka, ban rage komai ba. Ta ce amin, hawaye na bin fuskarta, kuma ba ta saki hannun Gwaggo ba har muka koma mota.

Mun dawo gida da dabino da zamzam da gajiya. Da can in na ji labarin Amurka a rediyo, zanga-zanga ko rigimar zaɓe, nakan ce hayaniyar masu ƙoshi ce. Yanzu na san tsohon miki ne, kuma ba a bakin tekunsu ya faro ba. Washegarin dawowata na je gaida mahaifina, na ce ya jero mini kakanninmu. Ya jero na wajen maza tsaf, har da garuruwansu. Da na tambayi dangin kakarsa, wadda aka ce daga kudu aka kawo ta tana yarinya, sai ya dubi ƙasa. Ya ce ko sunan da muke kiranta da shi, a gidanmu aka raɗa mata.