Injin Ganga a Cocinmu

Da, a cocinmu na Samaru, mai ganga ke bin bakin mai waƙa. Yanzu mai waƙa ke bin inji.

Da aka tashi sayen kayan kiɗa a Sabon Gari, na ce a ɗauko fiyano, domin na gani a biranen Akara da Yawunde, yatsun mutum yake bi. Matasa suka dage sai injin ganga.

Ran Lahadi, dattijuwar da ke ba da waƙa ta ja baiti yadda ta saba, injin ya wuce ta. Maimakon a kashe shi, shugaban mawaƙa ya ce, "Mama, ki riƙa bin kiɗa mana."

Har yau maganar na ci mini rai. Ta koma ta zauna, kuma ba ta sake ba da waƙa ba.