Yadda Baba Ya Koma Gida

Shekarun baya na yi aikin manaja a wani gidan burodi a unguwar Hammadu Kafi, cikin Gombe. Mai wurin dattijo ne mutumin Borno, kowa Baba yake kiransa. Rikici ne ya koro shi Gombe da iyalinsa. Ya fara da ɗan tanderu guda a bayan gidan haya, har Allah ya buɗa masa, burodinsa ya shiga shagunan Jekadafari da Tumfure. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama karatun kasuwanci ba, ina yawo da laftof a jaka, ina jin babu matsalar da za ta gagare ni in dai akwai wuta da kujera.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne wani teburin lissafi da na haɗa a kwamfuta. Gidaje-gidaje ne, nan farashin fulawa, nan sukari, nan itace, nan albashi, nan kuɗin keken da ke rarraba burodi. In ka canza gida ɗaya sai sauran su motsa, can ƙasa a nuna maka abin da zai rage. Da shi muka gano cewa ƙaramin burodin da ya fi tafiya a kasuwa shi ne yake cinye mana riba. Daga nan Baba ya fara ganin girman kwamfutar. In za a yanke shawara sai ya ce, “Manaja, tambayi mutuniyar taka.”

Wata rana bayan la'asar ya kira ni ofis, ya tura ƙofa. Ya ce, “An ce garinmu ya lafa, mutane suna komawa. Ina so in kwashe komai in mayar can. Duba mini.”

Na tuna mai kwaɓa mana fulawa, Batangale da ke biya wa ƙannensa makaranta, da masu keken da safiyarsu ta dogara da mu. Na tuna da kaina ma, don a lokacin muna shirin buɗe reshe a Tumfure, kuma ni aka yi wa alkawarin riƙe shi.

Na yi aikin tsakani da Allah. Na buga wa 'yan'uwansa waya na ji farashin kaya a can, da halin hanya, da yawan masu saye. Da na zuba komai, gidan ƙasa ya yi ja, alamar asara ke nan. Na nuna masa. Ya gyaɗa kai ya fita.

Washegari ya dawo. “Idan fulawa ta sauka fa?” Na saukar da ita, ja dai. Bayan kwana biyu, “Idan an gyara hanya fa?” Na rage kuɗin mota, bai canza ba. Haka muka yi ta yi makonni. Wata rana har ya sa na cire albashinsa gaba ɗaya, ya ce shi tuwo da shayi sun ishe shi. Na fara gajiya, har ina cewa a raina dattijon bai fahimci yadda lissafi yake aiki ba.

Na kai kukana wurin babbar 'yarsa, wadda ke kula da ciniki. Ta bar ni na gama bayanina da dukan turancin da ke ciki, sannan ta ce, “Malam, Baba ya san Gombe ta fi kasuwa, shi ya gina kasuwancin nan ai. Yayansa ya rasu a can bara, bai samu halartar jana'iza ba. Tun daga nan ba ya barci sosai. Ya ce wa Mama ba ya son ya mutu yana baƙo.”

Na koma ofis na zauna ina kallon teburina. Hanya biyu kawai na ba shi: a zauna, ko a kwashe. Tambayar da na koya wa kwamfutar ita ce wanne ya fi riba, ita kuma tana amsa mini abin da na tambaya. Sai na buɗe sabon shafi da wata tambaya dabam: ta yaya Baba zai tafi ba tare da gidan nan ya rushe ba? Na bar tanderun Gombe da ma'aikatansa a hannun 'yarsa. Na ƙirƙiri ƙaramin tanderu a can, na bar shi da asararsa yadda take, na sa ribar nan ta riƙa ɗaukar nauyinsa. Lissafin ya ƙi tsayuwa. Na rage nan, na matse can, ya ƙi. Abu ɗaya ya rage ban taɓa ba, kuɗin da aka ware wa reshen Tumfure. Na ɗauki lokaci kafin hannuna ya kai wurin. Da na cire shi, jan ƙasa ya ɓace.

Da na nuna wa Baba, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ɗora yatsa a kan gidan tanderun can. “To wannan jan fa?”

Na ce, “Asarar can ce, Baba. Tana nan, ban ɓoye ta ba. Amma gidan nan zai iya ɗauka, in Allah ya so, muddin fulawa ba ta yi mugun tashi ba. Sai dai Tumfure ba zai yiwu ba.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Ɗana, ai naka ne wancan. Ka yarda?”

Na ɗago kai na dube shi, don kada ya ɗauka kunya ce. Na ce na yarda.

Bayan damina ya tafi da Mama. Tanderun can bai taɓa kawo riba ta kirki ba, kamar yadda lissafi ya nuna. Akwai shekarar da fulawa ta yi tashin da muke tsoro, muka sha wuya, amma ba a sallami kowa ba. Baba ya yi 'yan shekaru a garinsu kafin Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi kusa da yayansa. Da muka je ta'aziyya, maƙwabta suka ce kullum da safe yana zaune a ƙofar tanderun, kowa ya wuce sai ya kira shi da sunan kakansa, irin kiran da ake yi wa ɗan gari da aka san asalinsa.

Har yau da irin wannan tebur nake cin abinci, kuma ban daina yarda da shi ba. Bai yi wa Baba ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da ya canza shi ne, yanzu in mai kasuwanci ya zo yana ta sa ni sauya lambobi, nakan rufe laftof ɗin tukuna, in tambaye shi abin da yake so a ransa. Yawanci daga nan ne ake fara maganar gaskiya.