Nomau Maƙeri da Dodon Wuta

A Gaffati aka haifi Nomau, gidan maƙera kaka da kakanni. Yana saurayi ya shigo Damagaram da guduma a buhu, yau ga furfura a gemu, ga rumfarsa bayan Kasuwar Dole. Mutum ne da in tartsatsi ya sauka a hannunsa sai ya gama magana kafin ya kaɗe. Shi ya sa abokai ke ce masa Sarkin Maƙera. Ba wanda ya naɗa shi, amma kira shi Nomau tsurarsa ka ga yadda fuska ke canzawa.

Abin da ya hana shi sakat bana wasa ne. Wani Bakano mai sayar da salula ya zuba masa shi a wayarsa: ka ɗauki jarumi, ka ba shi takobi ko ka koya masa tsafi, ka bi daji kana kashe dodanni. Nomau ko kallon tsafin bai yi ba. Layun da jarumin ke tsinta a hanya suka cika jaka, shi dai takobi yake wasawa. Ya yi ta cin gari har ya iso wani dodo mai aman wuta. Nan ya cije, kwana goma sha ɗaya.

A wurin shan shayi Ɗan'azumi mai kabu-kabu ya ce, "Sarki, akwai riga mai tare wuta a wasan. Sa wa mutumin naka mana. Ko ka jefi dodon da tsafin ƙanƙara, ni bugu uku na yi masa."

"Riga? Maƙeri ya sa rigar tsoron wuta? Kakana da hannu yake ɗaukar ƙarfe ja-wur daga wuta!"

"To ai na cikin salular bai san kakanka ba."

Aka kwashe da dariya. Nomau ya dire kofi ya ce kafin kasuwar Alhamis zai kashe dodon da ƙarfe zalla. In ya kasa, su bar ce masa Sarki, su laƙaba masa abin da suka ga dama.

Ranar Laraba da rana har ta katanga ake jin sa. "Sara mana, ragon banza! Wa ya ce ka ja baya?" Sau tara ana gasa masa jarumi. Da aka kira la'asar ya aje salular a kan turmi ya fita yana tsaki.

Matarsa Kellu ta gaji da ba manoman garin Dogo haƙuri kan hauyoyinsu da bai ƙera ba. Ta ɗauki salular, ta ga wata laya shuɗiya, ta danna. Dodo ya daskare ya faɗi.

"Maigida, na rage maka aiki," ta ce da ya dawo.

"Da me kika kashe shi?"

"Oho. Wata shuɗiya."

Ya latsa nan, ya latsa can. Dodo dai ya mutu, ba ya tashi a sake. Ba wanda ya gani sai Kellu, kuma ba za ta faɗa ba. Ya zauna yana hararar takobin da ya wasa a banza, abincin ma ya ce ba gishiri.

Alhamis ya je wurin shayi, bai ko zauna ba. "Ya mutu. Amma Kellu ce, da tsafi."

Ɗan'azumi ya miƙa masa kofi hannu biyu. "Sannu da zuwa, Mijin Bokanya."

Nomau ya kurɓa ya ce shayin ya yi sanyi. A gabansu ya goge wasan kaf, ya sake daga fari, da tsohon takobi mai tsatsa.