Zoɓon Malama Zulaihatu

Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Zulaihatu ta jiƙa zoɓonta ta tace, ta rungumi kwalabenta ta nufi ajin kimiyya na makarantar 'yan mata da ke bayan Aujara. Zoɓon nan ba na sha ba ne. Makarantar ba ta da abin gwada tsamin ruwa, sai ta mayar da shi ma'auni: a ɗiga masa ruwan batir ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan kanwa ya koma kore.

Koren nan shi ya ja mata. Matan unguwa suka ce hannun da ke juya jan zoɓo ba na banza ba ne, suka daina cin abin gidanta. Ko da azumi, kunun da ta aika wa maƙwabta awaki ke sha. Ta sani, kuma abin ya ci mata rai. Da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar, abokan aikinta 'yan kudu suka tattara suka tafi, ta rasa ko abokin hira. Aka kuma ce ranar da ta ajiye alli za a rufe ajin.

Ɗalibanta sun shaida irin faman da ta sha da su a kan pH, lambar da ke nuna ƙarfin tsami. Yaran da suka saba da mudu, ina za su yarda biyu ta fi uku ƙarfi? Sai ta zuba awo ɗaya na ruwan batir da aka sirka cikin awo tara na ruwa, ta sa su lissafa da kansu, su ga haidironiyam, ƙwayoyin da ke kawo tsamin, sun ragu sau goma, lambar kuwa ta hau da ɗaya kacal.

Ke ce, Malama, kika riƙe ajin nan ke kaɗai, uwar masu awo.

Ranar da ta yi ritaya aka turo sabuwar malama daga Dutse, Khadijatu, tsohuwar ɗalibarta. Ajin ya tsira ke nan. Da la'asar Khadijatu ta bi ta gida, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Malama, ƙishi nake ji. Akwai zoɓo?"

Akwai. Kofi na biyu ne babu a gidan, sai da aka aro a maƙwabta.

Mun gode, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Malamai su yi koyi da ke. Mu kuma mu leƙa gidan nan, ko ruwa ne mu sha.