MaNdiweni, Mai Auna Hannu Kafin Ta Ba da Kiɗa

Ƙarfe bakwai na safe MaNdiweni take buɗe tagoginta a unguwar Luveve, ta goge madannan fiyano, ta ɗora shayi, sannan ta jawo akwatin takardun kiɗa daga ƙarƙashin gado. Shekara talatin da takwas ke nan tana haka a birnin Bulawayo. Yara sai an tashi daga makaranta suke zuwa. Safiya kuwa ta manya ce, waɗanda suka shigo aji da furfurarsu.

Koya wa babba farkon fiyano ba wuya. Inda ake kayar da shi a tsakiya ne, lokacin da ya wuce kiɗan yara amma bai kai na gwanaye ba, ga kunnensa ya yi wa hannunsa nisa. A nan aka kayar da Baba Zenzo Mlotshwa, tsohon direban jirgin ƙasa da ya fara koyo bayan ritaya. Wani malami ya biye masa, ya ba shi wani kiɗan Turai mai gudun tsiya da yake ji a rediyo. Ranar taron ɗalibai, a gaban matarsa da surukansa, yatsunsa suka sarƙe. Ya koma farko, ya sake cijewa a wurin, ya miƙe ya fice. Shekara biyu bai ƙara taɓa fiyano ba.

Matarsa ce ta tasa shi gaba zuwa wurin MaNdiweni. Ya zo da takardar kiɗan nan a hammata, ya ce ko wannan ko ya haƙura har abada. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta sa ya shimfiɗa hannu a farar takarda ta zana da fensir, ta lura ƙaramin yatsansa na dama ba ya miƙewa, ta tambaye shi minti nawa yake zama kafin bayansa ya fara ƙorafi. Mako uku tana tonon akwati. Shi kuwa kullum yana zaton nauyin sallamarsa take ji.

Abin da ta miƙo masa shafi biyu ne kacal, kiɗa mai tafiya a hankali na wani Bajamushen zamanin da. Baba ya ɓata rai, ya ce wannan ai jikarsa ma za ta kaɗa.

"To kawo ta, Baba," in ji ta. "Ita ba ta taɓa binne kowa ba. Wannan kiɗan sai wanda ya san rashi."

Ta raba masa shi gida biyar da jan fensir, kowane gida ta sa masa sunan tasha a hanyar jirgin ƙasa daga Bulawayo zuwa Hwange. Yana cikin kiɗa sai ta katse shi, ta kira wata tasha, ta ce ya tashi daga can. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin jirgi ya tsaya a daji an koma da shi Bulawayo ba.

Ke ce, Mama, mai zaɓa wa mutum abin da zai iya ɗauka ba tare da kin raina shi ba. Mun ga masu jinya da masu gadi sun shiga ɗakinki da kunya, sun fito da kiɗan kansu.

Taron bana shi ne nata na ƙarshe, domin idonta ya yi rauni, likita ya ce ta huta. Baba ya san in ya faɗi yau, babu wanda zai sake tayar da shi. A zauren coci ranar Asabar, sau uku yana fita shan iska kafin a kira sunansa. Ya zauna, gumi na bin wuyan rigarsa. A cikin kiɗan ya wuce tashar Nyamandlovu lafiya, ya wuce ta Sawmills. Kafin Gwayi hannun hagu ya ɓata, komai ya tsaya cak.

Zaure ya yi tsit. Matarsa ta ƙanƙame jaka ta sunkuyar da kai. Baba ya dubi ƙofa, ga ta nan a buɗe, taku goma. Tsoro ya kama shi sosai. MaNdiweni tana zaune a layin gaba. Can sai ya ɗaga hannu, ya ɗora daga tashar Dete da ke gaba, ya ja kiɗan nan a hankali har ƙarshe.

Da ya sauko ya rusuna a gabanta, yana ba ta haƙuri ya ɓata mata taron sallama.

"Idona bai kai hannunka ba, Baba," ta ce. "Amma na ji kujerarka ba ta motsa ba."

Mun gode, MaNdiweni, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma malaman da ta bari, don Allah in babba ya zo muku da burinsa, ku dubi hannunsa da ƙarfinsa kafin ku miƙa masa takarda. Baba Mlotshwa shekararsa sittin da tara, kuma ranar Litinin da safe maƙwabta sun ji shi yana lalubar sabon shafi.