Layin da Ya Ƙi Gogewa

Lokacin da nake da shagon gyaran rediyo da talabijin a Yelwa, wata rana bayan Azahar wata mata ta sauko daga keke, direban na biye da ita da wani akwatin ƙarfe mai nauyi. Na san ta sama-sama, 'yar kudu ce mai sayar da wayar wuta da soket. Mijinta makanikin na'urorin asibiti ne, ya rasu da damina.

Akwatin tsohuwar na'urar auna siginar lantarki ce ta marigayin, mai ɗan gilashi da ke zana koren layi. Ta ce wani malamin jami'a zai saya, amma in an kunna sai ta cika gilashin da haruffa marasa ma'ana.

"Oga, ka gyara kawai," in ji ta. "Ba na son ganinsa a ɗaki."

Washegari na buɗe. Ciki ƙura da gawar kyankyaso. Na bi allon wayoyinta da mita har na kai kan ayisin, wato ɗan ƙwaƙwalwar da ke riƙe abin da aka ajiye, wani baƙi mai kauri da batir a cikinsa. Batirin ya mutu tuntuni. Na narka dalma na cire shi, na sa sabo fil daga leda, wanda ba a taɓa rubuta komai a cikinsa ba.

Da na kunna, haruffan sun tafi. Sai layin ya fara tsalle, alhali ban jona waya ko ɗaya a bakinta ba. Ya tashi, ya sauka, ya kwanta, ya sake tashi. Bayan kowane biyar sai ya tsallake ɗaya.

Na ce janareton maƙwabci ne, na jira ya kashe. Na canza sauran ayisin ajiya guda biyu, na wanke allon da sifirit. Kwana uku ina abu ɗaya, layin bai fasa ba. A rana ta uku na lura ina ƙirga shi da bugun wuyana, sai na zare filogi na fita waje na zauna.

Da ta dawo na kunna mata, na ce abin ya fi ƙarfina. Ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta ja benci ta zauna.

"Mijina yakan manna wayoyinta a ƙirjinsa ya gwada," ta ce a hankali. "Haka bugun zuciyarsa yake yi. Likita ma ya faɗa masa."

Na rantse mata cewa duk abin da ya ajiye ya tafi da tsohon ayisin. Na nuna mata shi a tafin hannuna. Ko kallo bai ishe ta ba.

"Kar ka ƙara taɓawa. Rufe min."

Na mayar da murfin na ɗaure kusoshi. Da kanta ta rungume akwatin ta kai keke, ta ɗora a cinyarta.

Bayan mako biyu malamin ya zo shagona yana tambaya ko na san dalilin da ya sa ta fasa sayarwa. Na ce masa ban iya gyaran ba.