Baba Eriya da Wayar da Ya Kulle

A unguwarmu ba wanda ke kiran mahaifina da sunansa. Baba Eriya ake ce masa, saboda dogon ƙarfen da ya kafa a kan rufinmu, wanda sau biyu iska tana kayar da shi a kan shanyar maƙwabta. Ni ce autarsa, ni ce kuma na gaji sharar ɗakinsa, don haka na san abin da nake faɗa.

Shekara talatin ya yi yana zagaya gidaje yana karanta mitar ruwa. Da ya yi ritaya ƙafafunsa suka huta, ƙaiƙayin ya koma hannu. Baba bai iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi ba. Agogon bango, dutsen guga, fankar falo, duk sun sha sukundirebarsa. Wasu sun tashi, wasu har yau suna cikin kwali, an rubuta musu "gobe". Ko shayi a tsaye yake sha.

Amma babbar masoyiyarsa rediyo ce. Ba irin ta jin labarai ba, irin wadda mutum ke magana a ciki wani ya amsa masa daga wata duniya. Sai da ya zauna jarrabawa aka ba shi lasisi, ya sa takardar a gilashi ya rataye sama da hoton aurensu. Mama ba ta taɓa yafe masa wannan ba. Kowace Asabar ƙarfe huɗu na yamma yakan shige ɗakin bayan gida, mai warin ƙonannar dalma, ya yi hira da wani tsoho da ke can wata ƙasa, wanda ba su taɓa ganin juna ba. Mai Tari muke ce masa, don sai ya yi tari uku kafin ya yi sallama. Wannan bawan Allah duk hirar da ya yi sai ya naɗe ta a kaset ya jera a kanta. Baba na yi masa dariya: "Tarkace kawai! Wa zai saurari surutun tsofaffi?"

Mama kuwa abinci ne yaƙinta da shi. Ta zuba, ta rufe, ta kira, ta sake kira, ya huce. Haka suka yi ta fama har ciwo ya kwantar da ita.

A watanninta na ƙarshe Baba ya riƙa ajiye wayarsa a gefen matashinta yana naɗar muryarta. Labarin ƙuruciyarta, waƙar da take mana muna yara, har faɗan da ta yi wa wata nas. Mama ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, ƙaramar ta kira ce kawai da ita, saboda haka duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin wayar nan.

To, a daidai lokacin ne sabon ciwon Baba ya kama shi: tsaro. Ya karanta yadda ɓarayi ke shiga wayoyin mutane, shi ke nan muka shiga uku. Ya liƙe kyamarar kwamfutata da filasta. Ya hana buɗe waya da yatsa, wai ana iya dangwala hannunka kana barci. Ya kafa doka uku: lambar sirri ba a rubuta ta, ba a faɗa wa kowa, kuma duk farkon wata a sauya. Tasa wayar kuwa ya saita ta yadda in an yi kuskure sau goma za ta goge kanta tas.

Na roƙe shi. "Baba, don Allah ka tura min muryar Mama, ko guda ɗaya."

"Abin da ya hau intanet ya zama na kowa, Auta. Uwarki ba kayan talla ba ce. In kina son ji, ki zo nan ki ji."

Yayana ma ya yi magana, ya sha faɗa. Muka haƙura. Wallahi haushi nake ji, amma ina zuwa, ya kunna, mu zauna. Nan ne kaɗai nake ganin hannunsa ya daina motsi.

Ranar ɗaya ga wata, shekara biyu bayan rasuwarta, ya sauya lambar kamar kullum. Sai dai a tsaye ya sauya ta, injin markaɗen maƙwabciya a hammatarsa, tukunyar dalma na hayaƙi, wani kuma na sallama a ƙofa. Da yamma ya ɗauki waya ya danna. Ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi.

"Yatsana ne ya zame," in ji shi.

Kafin na dawo daga aiki ya ƙone gwaji biyar cikin goman. Wayar ta fara ja masa rai, duk kuskure sai ta sa shi jira mai tsawo kafin ya sake gwadawa. Baba da jira! Ya zagaya tsakar gida, ya hau rufi ya taɓa eriyar da ba abin da ya same ta, ya sauko ya kwance makullin ƙofar bayi ba gaira ba dalili. Yana tafe yana lissafi da baki: shekarar da ya fara aiki, lambar mitar gidan farko da ya karanta, lambar lasisinsa a juye.

Na ja shi kasuwa wurin mai gyaran waya. Mutumin ya jujjuya ta, ya ji bayani, ya miƙo masa da hannu biyu.

"Baba, wa ya saita maka wannan?"

"Ni."

"To ai ka iya aiki. Ni dai ban san ta inda zan shiga ba."

Don Allah ku ji, har wani ɗan murmushi Baba ya yi! Na ce, "Baba, garin neman gira ka rasa ido, kana kuma jin daɗin yabo?" Ya juya ya nufi mota. A mota na ga ya ƙura wa wayar ido, sai na yi da-na-sanin maganar.

Kwana goma sha biyu ya kai ta gwaji tara. Na ce ya bar ta haka, a riƙa yi mata caji, ko ba a ji Mama ba mun san tana ciki. Ya ce to. Ya sa ta a aljihun tebur ya kulle, ya ba ni makulli. Na manta da wa nake magana. Mutumin da bai taɓa barin abu a rufe ba! Ranar Talata da hantsi wata lamba ta faɗo masa yana aske gemu, ya tabbata ita ce, ya kwance bayan teburin da sukundireba, ya yi gwaji na goma.

Na same shi zaune, kumfa a rabin fuska. Wayar na gaishe shi da fara'a kamar sabuwa, tana tambayar wane yare yake so.

Ban yi faɗa ba, kuka na yi. Shi ko hawaye babu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya zauna. Fankar falo ta lalace, ya dube ta ya kau da kai. Asabar uku bai shiga ɗakin rediyo ba.

A ta huɗu na gaji. Na shiga na danna abin da na saba gani yana dannawa, na ƙure ƙara. Sai ga tari uku, sai ga murya tana kiran lambar Baba ta rediyo, tana maimaitawa. Ashe duk makonnin nan tsohon bai fasa ba. Baba ya taso da silifas ɗaya, ya karɓi makirufo.

"Ina ka shige, mutumina? Na zaci ka riga ni."

Baba ya faɗa masa komai, bai rage ba.

"Allah Ya jiƙanta," in ji Mai Tari. "Ka zo Asabar mai zuwa. Kada ka makara."

Asabar ta zo, na tsaya a bakin ƙofa. Mai Tari bai ko gaisa ba. Muka ji ƙarar danna kaset, sai muryar Baba ta shekarun baya tana zuba bayani a kan batir. Can sai ƙofa ta yi ƙara a cikin kaset ɗin, wannan ƙofar da nake jingine da ita.

"Malam! Sau nawa zan kira ka? Abinci ya huce!"

"Ga ni nan, minti biyar."

"Minti biyar ɗinka tun ina amarya nake jiransa. Ka gaida min abokin naka, ka ce masa shi ma ya je ya ci nasa."

Na zauna a ƙasa. Lafiyayyar muryar Mama ce, ba ta asibiti ba, da ƙarfinta da tsiwarta. Baba ya kifa goshi a kan tebur, kafaɗunsa na girgiza.

"Mako guda ina tone tarkacena," in ji Mai Tari. "Na same ta a kaset goma sha ɗaya, kuma duk faɗan abinci ne. Jikata za ta juye maka su. Ta wace hanya za a turo? Na san ka da tsaro."

Baba ya ɗago ya share fuska da hularsa.

"Ta kowace hanya. A tura wa Auta, a tura wa yayanta, a tura wa ƙannen marigayiya. Kada a sa musu lambar sirri."

Ya kashe rediyon tun biyar ba ta yi ba. Ya dube ni ya ce, "Auta, akwai abinci?"

Na zubo masa. Ya ja kujera ya zauna, ya ci da zafinsa.